Rasuwar Ranilda, Wadda Aka Sassare a Bakin Ruwan Mindelo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a rataye a wuya, Nho Anacleto Fortes na unguwar Ribeira Bote yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da masunta, da duk wanda ya taɓa ɗaga masa hannu daga kan gaɓa, rasuwar Ranilda, jirgin ruwansa mai tafiya da iska. Ta rasu ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a filin fasa jirage na Toy Ferro, a gaban idon jama'a. Shi ne ya ce a rubuta rasuwa, don a kiyaye ladabi. Mu 'yan rumfar bakin ruwa da ya ɗora wa wannan rubutu, tunda hannunsa ba ya riƙe biro, muna wurin, kuma kisa muka gani, da gatari da zarton inji da wuta.

An haifi marigayiya a ƙasar Norway, daga katako mai kyau da ƙusoshin tagulla, tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan sanarwa. Ragnhild aka raɗa mata, harshenmu ya kasa ɗauka, ya lanƙwasa shi ya koma Ranilda. Amma ko harafi ɗaya ba a taɓa gogewa daga allon sunanta ba, domin teku ba ya yafe wa wanda ya canza wa jirgi suna. Wasu Turawa, miji da mata, su suka kawo ta Mindelo da niyyar tsallakawa zuwa Amurka. Sun iso ba sa ga maciji da juna. Matar ta hau jirgin sama, mijin ya bi ta yana ba da haƙuri, daga can suka jefa hoton Ranilda a gwanjon intanet don su rabu da ƙaya.

A lokacin Nho Anacleto bai daɗe da dawowa daga Rotterdam ta ƙasar Holland ba, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dafa wa ma'aikatan jiragen kaya abinci. Ya dawo ya tarar da matarsa a kabari, da 'yarsa Zenaida, yarinya mai tsinin baki da ke kallonsa kamar mai karɓar kuɗin wuta. Masu tayi daga Turai hoto kawai suke gani. Shi kuwa kullum safe sai ya tsaya kan gaɓa ya ƙare wa Ranilda kallo, sannan ya wuce shagon intanet ya duba inda tayi ya kai. Bai yi tayi ba sai da lokacin rufewa ya zo gab, ya danna, ya ƙwace ta daga bakin wani Bafaranshe. A ranar ya ɗauki Zenaida ya kai ta cikin jirgin, ya miƙa mata buroshi da gwangwanin fenti, ya ce ta sabunta haruffan sunan. A nan ta fara ce masa Papa. Tun daga shekarar ita ke fentin sunan, har ta girma ta kama teburinta na kifi a kasuwa.

Marigayiya ba ta da munafunci, wannan shaida kowa zai ba ta. Idan za ta doke ka, a gaban idonka take dukanka. Sandar da ke riƙe gindin zanen iskarta ita ce hannunta, hannun kuwa yana da nauyi. Da shi ta zubar wa Nho Anacleto haƙoran gaba. Da shi ta fasa goshin Lela, amininsa kuma uban baftismar Zenaida, tabon na nan har yau. Ta taɓa matse kwale-kwalen wani ɗan yawon buɗe ido a jikin gaɓa har ya yi ƙara ya rabe biyu, mai shi yana ihu da yarensu, ita ko a jikinta. Ta ci igiyoyi, ta ci faratan mutane, ta ci fanshon Holland ba ta taɓa cewa ya isa ba. Amma a mashigin da ke tsakaninmu da tsibirin Santo Antão, inda iska ke zabga mari babu sallama, ba mu ga jirgin da ke kwantawa gefe ɗaya ya tsaga ruwa irin nata ba. Sau nawa muka ce yau kam ta kife, sai dalmar da ke ƙarƙashinta ta ja ta ta miƙe, ta girgiza ruwa ta ci gaba.

Tana da murya, kuma ba za mu manta da ita ba. Da asuba igiyarta kan buga jigon da ke ɗauke da zanen iskarta, tal, tal, tal, har Nho Anacleto ya rantse yana jinta daga kan gadonsa. Mun san ƙarya ne, tsakaninsu da nisa, amma ba mu taɓa musa masa ba. Idan ta shiga iska sai ta ce ƙiiiƙ daga can cikin haƙarƙarinta, idan ta faɗo daga kan igiyar ruwa ta ce gwam, har ka ji a haƙoranka, in kana da su.

Ciwon ajalinta a jikin mai ita ya fara. Shekarun baya kaɗan jiri ya soma ɗaukar Nho Anacleto, irin wanda ke zuwa babu sanarwa ya kashe wa mutum fitilar duniya. Likita ya ce ya bar ruwa. Ya ce to, ya fito daga wurin likita ya miƙe bakin ruwa. Wata rana yana tsakiyar mashigi shi kaɗai jirin ya zo, hannun nan nata ya juyo ya same shi a ƙeya, ya jefa shi teku. Igiyar da ya ɗaura a ƙugu ce ta riƙe shi. Ranilda ta yi ta jansa tana zagaye, kansa na nutsewa yana ɓullowa, ƙananan katantanwar da ke manne a gindinta suna saɓe masa fatar baya. Masuntan ƙauyen São Pedro ne suka tsamo shi, jini da ruwan gishiri na fita ta hancinsa. Zenaida ta iso gadon asibiti da ɓawon kifi a damatsanta, ko hannu ba ta tsaya wankewa ba.

"Papa, rantse."

"Haba 'yata, ina mutuwa kina cewa in rantse?"

"Ba ka mutu ba, da sauranka. Rantse da kabarin Mama za ka rabu da ita."

Ya kalli rufi, ya kalli bango, babu mafita. Ya ce, "Na rantse. Zan sa ta a gwanjo, wanda ya ci ya ɗauka."

To, duk wanda ke harkar tsofaffin jirage ya san cewa mai kaya kan sa amininsa ya riƙa tayi a ɓoye don farashi ya hau. Nho Anacleto ya kai wannan dabara inda ba a taɓa kai ta ba. Duk shekara sai ya sa Ranilda a gwanjo, Lela ya shiga da sunan bogi ya haye kan kowa, ya ci, sannan ya yi ɓatan dabo. A shekarar farko Lela likitan haƙori ne daga Jamus. A ta biyu wata tsohuwa ce mai kuɗi daga Switzerland. Nho Anacleto kan je teburin kifi ya langaɓe kai ya ce, "Kin gani ko? Turawan nan ba su da alkawari." Mun ba shi shawara ya riƙa sa munanan hotuna don kada kowa ya taya, ya ce Allah ya kiyaye ya tozarta ta a idon duniya. Sai ya wanke ta, ya goge tagullarta, ya jira hasken yamma ya ɗauke ta ta gefenta mai kyau, masu tayi na gaske suka riƙa ƙaruwa. Tsakanin gwanjo da gwanjo kuwa yana fita da ita, wai don mai saye ya same ta da lafiya. A watan jiya ma ya dawo da riga jage-jage da jini, ya ce a matakala ya faɗi. Zenaida ta karɓi rigar ta jefa a jaka.

Bana masu gwanjon suka gaji da mai cin kaya ba ya biya, suka rufe wa Lela kowace ƙofa. Ana cikin haka wayarsa ta faɗa ruwa. Zenaida, 'yar albarka, ta ba uban baftismarta tsohuwar wayarta. Lela ya zo rumfa yana tsalle.

"Kumpadre, aminina, Allah ya kashe ya ba mu! Ga shafin gwanjo a buɗe a cikin wayar, ba sai an rubuta komai ba."

"Da sunan wa?"

"Wasu haruffa ne da lambobi. Ina ruwanka? Kai dai zuba mana a kofi."

Wayyo Lela! Shafin da Zenaida ta sayi firizar kifi da shi ne, da sunanta da komai nata. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci Lela ya jira gab da rufewa, ya danna, ya ci. Tsofaffin nan biyu suka rungume juna, suka buɗe kwalbar giyar rake. A daidai lokacin sabuwar wayar Zenaida ta yi ƙara a aljihunta, saƙo ya shigo yana taya ta murnar cin gwanjon jirgin ruwa mai suna Ragnhild. Waɗanda ke kusa sun ce ba ta yi ihu ba. Ta karanta, ta sake karantawa, ta zauna ta biya har ƙarshe, kamar yadda mai alkawari ke yi.

Da safiyar Litinin ta shigo rumfarmu, kowa ya sauke kofinsa.

"Padrinyu, uban baftismata, sannu da aiki. Likitan haƙori, ya mutanen Jamus? Tsohuwar Switzerland ta warke?"

Lela ya nemi ƙofa, rumfa kuwa ba ta da ƙofa, sai ya shige bayan wani gangan mai. Ta juya kan ubanta.

"Papa, wanda ya ci ya ɗauka. Ko ba haka ka rantse ba?"

"Zenaida, wasa ne. Wasan tsofaffi ne."

Ta zaro rigar nan daga jaka, ba ta wanke ta ba ashe, ta wurga masa a cinya. "Wannan ma wasa ne? Matakalar da ka faɗi a kai ruwan gishiri gare ta?"

"To sayar min da ita. Faɗi abin da kike so."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"To ki sayar wa wanda ya zo na biyu, ta rayu ko a hannun wani ne. Na roƙe ki."

"In sayar, ka bi ta gwanjo ka sayo ta da sunan wani limamin Italiya? Na san ka, Papa. Gobe da hantsi Toy Ferro zai ɗaga ta."

Ga yadda ajali ya zo. Ƙugiyar injin ɗaga kaya na Toy ta ɗaga Ranilda daga ruwa tana zubar da ruwa ta kowace kafa, ta kwantar da ita gefe ɗaya a kan yashi. Nho Anacleto ya iso da filafilin kwale-kwale a kafaɗa, idonsa jawur. Dukan farko ya tarwatsa fitilar injin ɗaga kayan. Na biyu ya sauka a kafaɗar Toy, ƙaton mutumin nan ya durƙusa yana kiran uwarsa. Ma'aikata suka taru suka danne tsoho a ƙasa, ya kama damtsen Toy da haƙoransa na roba ya cije, da aka ɓamɓare shi haƙoran a jikin damtsen suka tsaya. Ya kufce, ya kai wa wani naushi, mutumin ya goce, naushin ya sauka a ƙarfen mota. Mun ji ƙashin ya ce ƙas. Nan ya zube ya zauna yana riƙe da hannu, yana kallon jirginsa.

Sai kuma aka yi cirko-cirko. A bakin ruwan nan babu mai kai wa jirgi sara na farko alhali wanda ya rene shi yana raye yana kallo. Toy ya ce, "Nha Zenaida, ki yi haƙuri. Mu ba za mu fara ba. Muna da 'ya'ya a teku."

Ta miƙa hannu aka ba ta gatari. Ba ta nufi ciki ko haƙarƙari ba. Kai tsaye ta nufi allon sunan da ta yi wa fenti tun tana yarinya, ta ɗaga da hannu biyu ta sauke. Ta sake. Ta sake, tana nishi kamar mai naƙuda, har allon ya tsage haruffan suka watse a yashi. Sannan aka tada zarto.

Muna shaida wa duniya cewa marigayiya ba ta tafi salin alin ba. Zarto na shiga cikinta ya ci karo da ƙusar tagulla, sarƙarsa ta tsinke ta yi bulala a iska, ta ɗauke wa Toy leɓen kunne. Da aka yanke igiyoyin jigo, an shirya ya faɗi gabas, ya yi yamma, ya sauka a kan motar Toy ya mayar da gilashinta gari. Lela ya lallaɓo daga baya da hula a hannu zai ba da haƙuri, hannun nan nata ya juyo karo na ƙarshe ya same shi a ɗaya gefen goshin, yanzu tabonsa ya zama biyu. Haƙarƙarinta suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙararsa. Da aka kwance dalmar ƙarƙashinta ta faɗo, ƙasa ta girgiza har kofuna suka yi rawa a rumfarmu. Maganarta ta ƙarshe ita ce ƙiiiƙ ɗin nan, dogo, irin wanda take yi idan ta shiga iska. Aka tara katakon aka cinna wuta, tsohon fentin gindinta ya riƙa ci da harshe kore.

Zenaida ta ja gatarin ta zo ta tsaya a kan ubanta. Ya ɗago, bakinsa babu haƙori, ya ce, "Kin kashe ta."

"Na kashe ta. Ita ga tokarta nan, na san inda zan tsaya in yi mata kuka. Kai da ta kai ka mashigi ta baro, ko takalminka ba za a kawo min ba."

Tun daga ranar bai ƙara yi mata magana ba. Kwanon kacupa, faten masara da wake, da take aiko masa yana komawa yadda ya zo.

Marigayiya ta bar Nho Anacleto Fortes a raye, da karyayyen hannu da karyayyar zuciya, amma a raye. Ta bar Lela, wanda likita ya ɗinke kuma jama'a suka haramta wa taɓa waya har ƙarshen ransa. Ta bar wani mai tayi a Faransa da ya zo na biyu, bai san abin da ya tsallake ba. Ta bar anka ɗaya, ƙarfen da ake jefawa ruwa a tsayar da ita, da sandar tuƙinta da hannun mai ita ya goge har ta yi santsi. Toy Ferro ya roƙa a sa sunansa cikin waɗanda ta bari, ya ce shi ma ta bar masa abin tunawa, mun ƙi.

Iyakar sunayen da muka rubuta ke nan, muka kai wa Nho Anacleto muka karanta masa. Da gangan muka tsallake Zenaida, don kada mu fama masa ciwo. Ashe ranar Alhamis ya bi ta bayan kasuwar kifi, wai hanya ce ta biyo da shi, ya leƙa. Ya gan ta zaune, tafukan hannunta biyu a naɗe da tsumma, gatari ya saɓe su, ko wuƙa ba ta iya riƙewa, maƙwabciyarta ke yanka mata kifi. A ƙarƙashin teburin, bayan bokitin ƙanƙara, ya hango guntun katako mai harafin R, an wanke shi an jingine.

Ya ce, "Kun yi kuskure. A takardar gwanjo, jirgin na waye?"

Muka ce, "Na Zenaida ne, Nho Anacleto."

"To ita aka yi wa rasuwa. Ku sa sunanta, a farko."

Saboda haka muna gyarawa. Marigayiya ta bar mai ita, Zenaida Fortes, wadda ta yi mata fenti tun tana ƙarama.

Ga tsarin jana'iza. Za a narka dalmar a mayar da ita ƙananan duwatsun ƙugiyar kamun kifi, a raba wa masuntan São Pedro kyauta, ta haka marigayiya za ta koma ƙasan mashigi kaɗan-kaɗan, inda ta fi so. Ranar Asabar da hantsi za a ɗauki sandar tuƙinta daga filin Toy zuwa bakin gaɓa, masu goge a gaba, jama'a a baya, a tafi a hankali. Daga kan gaɓa za a jefa ta, babu wanda zai hau jirgi. Ana roƙon masu halarta kada wani ya nuna wa Nho Anacleto hoton jirgi a waya, ko da ya ce kallo kawai zai yi. Ba a buƙatar furanni. Mai niyya ya kawo gahawa da sukari.

Bayan nan za a karɓi gaisuwa a gidan mai jirgin, a layin bayan kasuwar kifi, ƙofa shuɗiya. Nho Anacleto ya ce shi ma zai je kamar kowa, ya cire hula a bakin ƙofa, ya miƙa mata hannun da ya rage masa, ya ce mata ya haƙuri. Don Allah a bar masa hanya. Kada kowa ya riga shi shiga.